Sakata ta Ciki

Daga Baffa kafinta, zuwa ga ɗiyar ƙanensa marigayi

Assalamu alaikum, 'Yar Ƙusa.

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidan naki. Ni dai ga ni nan, Allah bai ɗauke ni ba tukuna, ko da yake na san akwai waɗanda suka daɗe da shafe ni a ransu. Gwiwar hagu ta ƙi, ido ɗaya ya yi hazo, tari kuwa in ya taso har kajin maƙwabta sai sun watse. Amma hannu lafiya lau. Har yau ƙusa ba ta taɓa lanƙwashe min ba.

Mai Aski ne ke rubutawa, ni ke faɗa, don kin san ni aji bai taɓa ganina ba. Shi ne kuma ya karanta min taki a bakin shago, ga wani mai rabin aski a kan kujera ya baza kunne. In kin ga wata kalma mai daɗi a cikin takardar nan, tasa ce, ba tawa ba.

To, ashe kin san hanyar gidan waya. Tun da aka kai ki birnin nan ban ji ɗuriyarki ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na yi jinya har aka fara leƙo ni ta taga ana tambaya ko da sauran numfashi, ban ga takardarki ba. Sai yau, da ake buƙatar ƙarfe.

Gadon da na yi miki yana nan a lungun shago, rufe da buhu. Jan katako ne, da hannuna na zaɓe shi, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Innarki ta zo ta zagaya shi, ta taɓe baki, ta ce irin na tsofaffi ne, ango ɗan ofis ne, na kanti za a saya. Shi kuma Mai Turare, mijin naki, ya coge a bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici, wai ƙurar katako. Da ubanki na raye da ba a yi min haka ba. Ba na cewa ina riƙe da ku a rai. Cewa na yi ban manta ba. Mai Aski, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara.

Yanzu maganarki. Kin ce kina son sakata mai ƙarfi ta ƙofar uwar ɗaki, wadda ake sawa daga ciki. Duk faɗin birni babu mai sayar da sakata, sai tsohon da gadonsa bai isa shiga gidanku ba? To na ji. Amma ni ba na aikin ka-cici-ka-cici. Ki faɗa min kaurin ƙyauren, da inda yake buɗewa, ciki ko waje, da abin da ya samu kubar da ke jikinsa. Ki auna da yatsa yadda na koya miki.

Kuma me ya sa zan ba ki amsa ta shagon wata mai wanki? Gidan naku ba shi da ƙofa ne? Kin ce wayarki ta faɗi ta fashe. Ba ki yi asarar komai ba. Tawa ma tana cikin gwangwanin ƙusoshi, ni ba na magana da mutumin da ban ga idonsa ba.

Ki gaida wanda ya tambaye ni, in akwai.

Baffanki.

Daga 'Yar Ƙusa, zuwa ga Baffa

Wa alaikumus salam, Baffa.

Na gode da amsa. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa da ido, ka riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in kana yanka, tarin nan na ƙura ne. Ina gaida Baba Mai Aski, da duk wanda ke zaune a kan kujera.

Na yi laifi da ban rubuto ba, ka yafe min. Maganar gado kuwa, ni na so shi, Baffa. Ba a tambaye ni ba ne.

Ga awon. Kaurin ƙyauren bai cika yatsa biyu ba, ciki yake buɗewa. Kubar ta fita gaba ɗaya, ita da katakon da ke kewaye da ita. Firam ɗin ya tsage daga wurin makulli zuwa sama. An gyara, ya sake tsagewa a wuri ɗaya. A ƙasa kuma akwai rami, ya kai tafin ƙafar babban mutum, ya lotsa zuwa ciki. In rubutuna ya karkace ka yi haƙuri, ƙofar ce ta kama min wuyan hannu, har yanzu a ɗaure yake.

Ban faɗa maka ba, na samu ciki, ya zube. Likita ta ce jikina yana son hutu, in riƙa kwana ni kaɗai har in warke. Na faɗa a gida. Shi ya sa nake son sakatar. Barci nake so in yi, Baffa, irin wanda nake yi a kan buhunan dusar katako a shagonka, kana buga guduma ban ma ji ba.

Koyarwar da nake yi a makaranta na bari, an ce gida ya fi min. Na je wurin Inna na ce mata ba na jin daɗi, ta ce kowace mace haka take zaune, in rufa wa kaina asiri. Har abinci ta ƙulla min na dawo da shi.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka aiko da sakatar ta hannun Mai Wanki, maƙwabciyata ce, shagonta na ƙasan benenmu. Ni zan kafa da kaina. Wa ya koya min riƙe sukuddireba in ba kai ba? Kada ka dami mai gidan da maganar, aiki ya yi masa yawa. Don Allah, Baffa, kada ka gaya masa. Baba Mai Aski, ka maimaita masa wannan layin.

'Yarka.

Daga Baffa, zuwa ga mijin 'Yar Ƙusa

Sallama gare ka, surukina.

Ina fatan kana lafiya, da aikin ofis. Ni ne tsohon kafintan nan mai ƙura, in ka tuna. Na ji labarin cikin da ya zube, Allah ya mayar da alheri.

Ga sakata nan a cikin ƙunshi. Matarka ce ta rubuto min tana nema, ta ce kada in dame ka, wai aiki ya yi maka yawa. Na gane. Kunya take ji a ce mijinta bai san kan guduma da gindinta ba. Amma ni a inda na tashi, ba a barin mace da karyayyen hannu tana fama da ƙofa, namiji na zaune yana fesa turare. Gyaran gida na mai gida ne. Shi ya sa na sa sunan ofishinka a kai, ba na wata mai wanki ba.

Ta kwatanta min ƙofar taku. Wannan ba ƙofa ba ce, kwali ne aka shafa wa fenti. Kuba ta fita, firam ya tsage, ƙasa ya ɓurme, har ta kama wa yarinya hannu. Abin da ake samu ke nan in an raina aikin hannu an tafi kanti. Na faɗa tun ranar gado, aka ce tsufa ne.

Sakatar nan daga ƙofar wani tsohon sito na ciro ta, na daɗe ina ɓoyonta. Irin ƙarfen da ba a yi yanzu. Ka saurara. Kada ka kafa ta da ƙusa. Ka huda ƙyauren, ka zura dogayen notin nan da na haɗo maka su fita ta ɗaya gefen, ka ɗaure, sannan ka daddake bakinsu da guduma yadda ba mai iya kwancewa. In ta zauna haka, ƙarti goma ba za su ɓalle ta ba. Akwai huda a bakinta ta kwaɗo, in ana so.

Ba na son ko sisi. Ka dai sani aikin tsofaffi yana da ranarsa.

Baffan matarka.

Daga mijin 'Yar Ƙusa, zuwa ga Baffa

Ranka ya daɗe, Baffa.

Saƙo ya iso, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma da lafiya. Gaskiya ban taɓa ganin ƙarfe irin wannan ba. Na samo mai aiki ya kafa ta daidai yadda kuka bayyana, har daddake notin. Kun yi gaskiya, ba mai iya ɓalle ta.

Na kuma gode da kuka sanar da ni ashe tana rubuce-rubuce. Da ban sani ba.

Ba na son in tayar muku da hankali, amma tun da cikin nan ya zube 'yarku ba ta cika nutsuwa ba. Takan faɗi abin da bai faru ba, takan so fita ba dalili. Ina iya ƙoƙarina. Hutu take buƙata, kuma yanzu tana samu. In akwai wani saƙo, ku riƙa aikowa ta ofishina, zan isar mata.

Inna ma ta san halin da ake ciki, tana sa mana albarka.

Ɗanku mai biyayya.

Daga Baffa, zuwa ga 'Yar Ƙusa, ta shagon Mai Wanki

Assalamu alaikum.

Ina fatan hannu ya warke. Ni gwiwa ta haɗu da ƙugu, sun yi min taron dangi.

To, madalla. An samu abin da ake so, an koma shiru. Mijinki, wanda ba jinina ba, ya zauna ya rubuto godiya har da ranka ya daɗe. Ke kuwa da na goya a kafaɗa, ko na gani. Mangwaron bakin shago ya yi fure, ya yi 'ya'ya, yara sun jefe shi tas, ban ga takardarki ba. Halin innarki ne kika ɗauko, ba na gidanmu ba.

Na san kina fushi don na aika masa. To ki yi. Ni ba a koya min aikina. Da wane hannun za ki huda ƙyaure? Mai Aski ya maimaita min layin naki har sau nawa, ya ce wannan ba maganar katako ba ce, in bi a hankali. Na ce masa ya ji da kawunan mutane ya bar min ƙofofi. Da ya ƙi rubuta waccan takardar, sai na kai wa mai rubutu na bakin gidan waya. Mun yi kwanaki ba ma gaisawa. Yanzu ma yana rubutu yana huci kamar tsohon jaki. Rubuta, har jakin.

Mijin naki ya ce in riƙa aikowa ta ofishinsa. Ni ba na rubuta wa 'yata takarda ta bi ta teburin wani.

Ki faɗa min, sakatar tana shiga sumul ko tana cijewa? In tana cijewa ki ɗiga mata mai. Kina samun barcin?

Akwai abin da ke ta yi min yawo a kai. Ramin nan na ƙasan ƙyaure. Kin ce ciki ya lotsa. Gara ba ta cin katako haka, ruwa ma ba ya yi. Na ɗauko wani guntun kwali irin na kanti na jingina a bango, na gwada da guduma, na gwada da kujera, bai ba ni irin ramin da kika faɗa ba. Sai da na sa ƙafa. Ita ce ta tayar min da ƙugun. Wataƙila dai ke ce ba ki iya kwatance ba, dama tun kina yarinya awonki sai an bi.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Baffanki.

Daga Mai Wanki, zuwa ga Baffa

Salamu alaikum, Baba.

Ba ka san ni ba. Ni ce mai wankin da ka ƙi aiko da ƙunshi ta hannunta. Lafiyata ƙalau, ba ita ce maganar ba. 'Yarka ta hana ni rubuto maka, ta ce abin da takardarta ta jawo mata ya ishe ta. Na ƙi ji. Mai karantawa, in akwai mutum a kujerarka ka sallame shi tukuna.

Baba, sakatarka tana shiga sumul. A waje aka kafa ta.

In mijinta zai tafi ofis sai ya zura ta, ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. In ya dawo ya buɗe ya shiga. Ina da makullin falonsu da ta ba ni ajiya tun bara, da shi nake shiga in tura mata abinci a faranti ta ƙarƙashin ƙofa. Ta nan na tura mata takardarka. Ta karanta, na ji ta yi dariya a wurin jaki, daga nan kuma sai kuka.

Ramin da kake ta gwaji, ƙafarsa ce. Hannun ma shi ne. Cikin ma shi ne, a kan matakala, ina riƙe da kwandon kaya na gani da idona. Abin da yake yi mata da ƙarfi tun ba ta warke ba, ba zan rubuta wani namiji ya karanta maka ba. Ni ke wanke zannuwan gidan. Ka gane.

Kada ka ce mun zuba ido. Na je wurin mai gidan hayar, ya ce shi haya yake karɓa, ba shari'a ba. Na kira kafintan layinmu, da ya ji ko ƙofar wa ce sai ya mayar da kayansa jaka, ya ce ba ya shiga tsakanin miji da mata. Na je wurin innarta, ta ce surukinta mutumin kirki ne, bai taɓa zuwa hannu sake ba, ni ce mai zuga. Matan benen nan kuwa kowace ta ji, kowace ta ƙara muryar rediyo. Ba mugunta ba ce, Baba. Matar da ke sama da su ma, hodar da take shafawa ba ta kwalliya ba ce. Ni kaina ba ciwo ne ya cire min haƙoran gaba ba.

Jiya ta ce min ta daina jin tsoro, ta daina jin komai. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro.

Kai ka aiko da ƙarfen nan. Ka zo ka san yadda za ka yi da shi. Yana fita da safe, ba ya dawowa sai yamma.

Mai Wanki.

Daga Baffa, zuwa ga innar 'Yar Ƙusa

Sallama gare ki, matar ƙanena.

Ina fatan kina lafiya. Ni ƙafa ta kumbura saboda zaman mota, ban da wannan sai godiya. Yarinya tana nan. Tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Hannun ya ɗore a karkace, likita ta ce sai an sake gyara shi. Kunnen hagu kuma ba ya ji sosai, in za ki yi mata magana ta dama za ki tsaya. Na faɗa miki ne don ba ki tambaya ba.

Takardarki ta zo. Kin ce na shiga gidan mutum na sace masa mata, na zubar muku da mutunci, surukinki ya zo da manya har ya yi hawaye, in mayar da ita a sasanta. Kin ce dama ina neman hanyar rama maganar gado. To ki zauna ki ji yadda aka yi, daga bakin ɓarawon.

Da Mai Aski ya gama karanta min takardar Mai Wanki, bai ce ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa da ya fi min sauƙi. Rufe shago ya yi, ya ɗauki jakar kayana, muka nufi tasha.

Mun isa da hantsi. Mai Wanki ta hau da mu bene, ta buɗe falo. Kujeru masu laushi, labule har ƙasa, ƙamshi kamar kantin turare. Ga hotonsu na aure a bango yana murmushi. Ga kuma sakatata a jikin ƙofar uwar ɗaki, an goge ta tana ƙyalli, kwaɗo kamar dunƙulen hannu. An daddake notin yadda na ce. Ban taɓa ganin an bi maganata sak irin wannan ba.

Na ce, 'Yar Ƙusa. Na ce, ke, Baffanki ne, ko shi ma kin manta muryarsa? Sai na ji motsi a ƙasa, dab da ramin nan. Ta ce, "Baffa, ka tafi. In ya dawo ya tarar da kai, ni zan biya."

Na ɗauko guduma na kai wa kwaɗon duka ɗaya. Ihun da ta yi, matar ƙanena, ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Mai Wanki ta riƙe min hannu ta ce, "Baba, kada ka daki ƙofar nan. Ta ji dukanta ya isa." Na ajiye.

Na tsaya ina kallo. Sakatar ba ta ɓalluwa, ni na tabbatar da haka. Amma ƙyauren ciki yake buɗewa, ke nan ƙarafan da yake rataye a kansu suna ciki, da notinsu. Ni ba zan kai gare su ba. Ita ce kaɗai za ta iya.

Na durƙusa, da gwiwar nan, na tura sukuddireba ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce, ga shi nan. Ki fara da na ƙasa, na sama ne ƙarshe, in ba haka ba ya faɗo miki. Ba ta ɗauka ba. Ina hango ƙotarsa a inda na tura shi. Ta ce, "In na fito ina za ni? Inna za ta dawo da ni." Kin ji? Ba sunansa ta kira ba, naki ta kira.

Na ce, ni ban iya lallashi ba, kin sani. Na aiko da ƙarfen nan inda kika ce kada in aika, ga abin da ya zama. Yau ba zan sake yi miki gaban kaina ba. In kin ce in tafi, zan sauka in zauna a shagon matar nan, gobe in dawo in sake tambaya, jibi ma haka. In kin kwance, akwai ɗaki a gidana, kuma duk mai son mayar da ke sai ya bi ta kaina.

Matan benen sun taru a bakin falo, ba mai tari. Har mai gidan hayar ya leƙo ya fara cewa wannan fa tsakanin, sai wata mai hoda a fuska ta juyo ta kalle shi, ya haɗiye sauran ya sauka.

Can sai ƙotar ta ɓace. Sai na ji ƙiii, noti na juyawa.

Da hannun hagu ta yi, yana zamewa tana sakewa. Na ce, danna kafin ki murɗa, sau nawa zan faɗa miki? Ta ce, "To ai dannawa nake yi, Baffa!" da tsiwar nan tata ta da. Mai Aski ya juya yana share ido, wai ƙura ce. Gidan da ko ƙwayar ƙura babu. Da na sama ya fita, muka tallafe ƙyauren ni da shi, muka karkata shi, ta raɓo ta fito. Ban gane ta ba sai da ta yi magana. Sukuddireban na hannunta, har muka iso gida ba ta sake shi ba.

Kafin mu sauka na sa zarto na yanke sakatar da katakon da ke jikinta. Kayana ce.

A asibitin nan namu, bencin da muka zauna mata ne jere, wannan ta ce tsantsi ne, waccan ta ce murfin tukunya. Ma'aikaciyar da ke ɗaure su ko ɗaga kai ba ta yi, ta ce kullum haka tsantsin yake. Tun da na dawo kuma, duk ƙofar da na wuce a unguwa sai na kalli ƙasanta. Ba zan faɗa miki abin da nake gani ba. Shekaranjiya wani ya zo da babbar riga yana son a kafa masa sakata a ɗakin iyali. Na ce ciki ko waje? Ya ce ina ruwana. Na raka shi har titi da guntun katako.

Mai Aski ya tsaya da rubutu a nan. Ya ce in na samu irin ƙarfen nan in ajiye masa ɗaya, na 'yarsa ta biyu. Na ce masa ba sakata za mu kai mata ba, mota za mu shiga. Rubuta, kai ka fara.

Maganar sasantawa. Na tambaye ta, don yanzu tambaya nake yi. Ta ce gaban alƙali za ta, Mai Wanki za ta zo shaida. Ni zan raka ta, ko a baro za a tura ni. Manyan da suka zo miki ki ce su zo nan, akwai benci, akwai kuma ƙyallen da aka kwance daga hannunta, in suna son abin kallo. Hawayensa kuwa ya adana, zai buƙace su.

Kin yi gaskiya a abu ɗaya, ban manta da gado ba. Na yaye buhun, na goge shi, na kafa mata a ɗakin da ke kallon mangwaro. Bai yi ko ƙis ba. Ba don in ci miki fuska na faɗa ba. To, da kaɗan.

Ƙofar ɗakin ni na yi ta, jan katako, yatsa uku. Sakatar nan tana jiki, daga ciki. Ita ta kafa ta da hannunta, ta karkace kaɗan, na gani na yi shiru. Jiya har rana ta take tana barci, ina buga guduma a shago ba ta ji ba.

'Yarki ce, ban hana ki ganinta ba. Ki zo, amma ke kaɗai, kuma ki bar kalmar haƙuri a tasha. In kin iso ki tsaya a bakin ƙofa ki ƙwanƙwasa a hankali, ki faɗi ko ke wace ce, ki jira. In ta buɗe, to. In ba ta buɗe ba, ga benci nan kusa da nawa. Ni ma da na yi ƙofar, haka nake yi.

Wan mijinki.